Ƙarancin Wuta Ba Ya Fasa Ƙwai

Agege, Legas
Mayu, 2001

Yaya Batulu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi ƙaninki Harisu. Yana nan yana naɗin koyil ɗin janareta a shagonsa, taurin kai sai abin da ya ƙaru. Kin tuna lokacin da yake zuwa zance? Maimakon ya yabi lallena, sai ya zauna koya min wai in maganaɗisu na juyawa cikin koyil, yawan zagayen waya da faɗin koyil ɗin su ke ƙara ƙarfin wuta. Har kika ce waya ya kamata a aura masa.

To yanzu janaretan gida ya sa a gaba, wai ƙwan ɗakinmu ya rage haske. Ya warware, ya sake naɗi, ya ƙara zagaye. Ni ban ga abin da ya sami ƙwan ba. Na dai ga yana laluben filaya tana gabansa, kuma kullum tsokanarsa wai ranar Legas ta sa na yi baƙi. Na yi zancen asibiti, ya ce ciwon sugan da yake fama da shi ba makanta ba ne. Sana'ar nan ta ido ce, Yaya. Tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Mastura

Agege
Yuli, 2001

Yaya,

Bayan gaisuwa, ku sa mu a addu'a.

Harisu ya yi naɗi na uku, zagaye a kan zagaye. Da ya tayar da injin ƙwan ya yi fari fat, har na kare fuskata. Shi kuwa ya matsa dab da shi, ya ce har yanzu kamar garwashi yake, in miƙo waya. Kafin in buɗe baki ƙwan ya fashe.

Ba sai na faɗa masa ba, shi ya koya min cewa ƙarancin wuta ba ya fasa ƙwai. Ya kashe injin, ya tambaye ni ko tun naɗin farko akwai haske. Na ce tun kafin ya taɓa.

Sannan ya lalubo fuskata da hannun nan nasa mai kanta, ya ce ashe ke nan ban yi baƙi ba. Ya so in yi dariya. Na yi masa, tunda hawayen ba gani zai yi ba.

Ki gaida Inna, kada ki faɗa mata tukuna.

Taki har kullum,
Mastura