Takalmin Malam

Daren Talata, bayan Isha

Na gaji. Jijiyar bayan dunduniyar nan har yanzu ja take, kamar an ɗaure ta da igiya.

Jiya yarinyar nan mai gashin ƙashi a asibiti ta murza min ita har na daka mata tsawa. Ta ce in dinga dafa bango ina ɗaga dunduniya ina saukewa a hankali. Ta ce, "Iya, ku bar silifas ɗin nan, ku nemi takalmi mai ɗan tudu a baya." Na ce da tsufana zan sa na 'yan mata? Dariya kawai ta yi.

Kwana biyu ban kai ƙosai bakin kamfani ba, har Ladi mai awara ta matso da teburinta gurina. In masu tashi aikin dare suka saba da ita, shi ke nan.

Da asuba na jawo takalmin aikin mijina Malam daga ƙarƙashin gado, wanda yake zuwa kamfanin fata na Challawa da shi. Na cusa tsumma a gaba, na zura ƙafa. Nauyi kamar bulo, amma na isa bakin kamfanin.

Maigadi ya ce, "Iya, an ɗauke ku aiki ne?" Na ce eh, ni ce sabuwar manaja. Ladi ta ja teburinta daga gurina.

Lokacin da Malam yake raye kullum sai na sa shi ya bar takalmin nan a waje saboda wari. Har yanzu yana warin. Ga shi nan a gefen katifata, kar in tsaya nema da asuba.