Takarda Mai Ƙyalli a Ƙarƙashin Kwano

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Na ba Direba maƙwabcinmu wannan ya kawo maka, don in ka kira wayar Baba yana tsaye a kaina, bakina ba ya buɗuwa.

An cire tsohon kwano. Kawu Kafinta ne ke aikin, Baba na miƙa masa kaya. Takardar nan mai ƙyalli da ka aiko sun shimfiɗa ta a kan katako, sannan suka buga sabon kwano a samanta. In rana ta haska ta ba a iya kallo. Falo da ɗakina an gama, kuma gaskiyarka, zafi ya ragu. Saura ɗakin Mama.

Yaya, akwai abin da ke damuna. Jiya na je shanya wanki a igiyar ƙarfen nan da ke ɗaure da indararo. Ina ɗora zane sai wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har kafaɗa. Na faɗi zaune. Har yanzu hannun kamar ba nawa ba. Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Auta

*

Auta sarkin tsoro,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, rubutunki ya fara gyaruwa. Ke da ƙadangare ke kora daga tsakar gida, yanzu kuma igiyar shanya? Wataƙila rana ce ta gasa ƙarfen, ko kin kwana a kan hannun. Takardar nan aikinta mayar da zafin rana ne, ba ta cizo. Saboda ciwon Mama na saye ta, kin san yadda ɗakinta ke zama kamar tanda.

Duk da haka ki gaya wa Baba. Ki buɗe baki sosai, ba irin maganarki ta cikin hanci ba. Ki gaishe da Mama da jiki.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya, don Allah kar ka yi dariya wannan karon.

Na gaya wa Baba, kuma a gaban Kawu ya sa na maimaita. Kawu ya je ya kama igiyar da hannu biyu, har ya yi lilo da ita. Ya ce, "To, ga ni, na mutu?" Suka yi ta dariya. Ya ce tun kafin a haifi uwata yake buga kwano, alhali Mama ce yayarsa. Baba ya ce in daina kawo raini. Na shige ɗaki.

Amma na lura da wani abu. Lokacin da Kawu ya taɓa, babu wuta. Kusan kullum da rana ɗauke ta ake yi, shi ya sa duk aikin nan a rashin wuta suka yi shi. Ranar da abin ya ja ni, fankar falo tana juyawa, na tuna sarai.

Yau da yamma aka kawo wuta. Magen gidan Direba ta biyo katanga ta taka indararo. Yaya, ƙara ɗaya ta yi ta faɗo. Ba ta ƙara motsi ba. Baba ya ce guba ta ci a wani gida. Na kwance igiyar da sanda bayan an ɗauke wutar, na ce wa Mama tsatsa take ɓata kaya.

Ranar da suke aikin falo na ga wayoyin wutar cikin silin kwance a kan katako, Kawu ya shimfiɗa takardar a kansu yana ta buga ƙusa. Ban san ko wannan ne ba. Ni ban san komai ba.

Jibi za su hau su yi ɗakin Mama. Baba ya ce shi ma zai hau sama, don a gama da wuri. Kuma ba takalmi yake hawa. Me zan yi?

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Salam. Ki yafe mini dariyar da na yi. Takardar nan, ƙarfe ne a jikinta. In ƙusa ta huda waya, to ita da kwanon da indararon duk wuta ce.

Na kira Baba. Ya ce in bar koya masa aiki daga nesa, kuma ba zai kawo wani ya duba aikin surukinsa ba, a ce an ci fuskar Kawu. Ya kashe wayar. An hana ni fita daga wurin aiki sai ranar aikin da yamma, lokacin sun riga sun hau.

Saura ke. Kin san akwatin da ke kusa da mita a zaure. Da safe kafin su kafa tsani, ki sa silifas, hannunki a bushe, ki ja babban makunnin ƙasa. Kar ki taɓa komai ban da shi. Sannan ki yi duk yadda za ki yi kar a mayar. Na yi magana da wani mai gyaran wuta, zan zo da shi. In Baba ya yi faɗa ki ce ni ne.

Na san abin da nake ɗora miki. Allah Ya tsare.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Direba zai fita yanzu, ka karanta a mota.

Na ja makunnin. Na ciro kwaɗon akwatin kayana na kulle murfin akwatin wutar, na ɗaure makullin a bakin zanena.

Suna sama aka kawo wuta. Na ji rediyon maƙwabta ya tashi, na ɗaga kai, ga Baba durƙushe a kan kwano, tafin hannunsa duka biyu a kai.

Da suka sauko shan ruwa Baba ya ga kowa da wuta ban da mu. Ya je zaure ya ga kwaɗon. Ya ce, "Auta, kawo makulli." Mama tana ta zufa a falo, tana son fanka. Na ce a'a. Yaya, ban taɓa ce masa a'a ba. Ya ce, "Me kika ce?" Na sake faɗa, ina kuka. Kawu ya ce wa Mama, "Yaya, ga 'yarki ta zama injiniya." Baba ya ɗauko guduma zai fasa kwaɗon, sai na tsaya a gaban akwatin na rufe ido. Ban ce kai ka sa ni ba, na manta.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai na ji Mama daga falo ta ce, "Malam, bar ta. Yarinyar nan ba ta taɓa yi maka musu ba. Zafin yini ɗaya ba zai kashe ni ba."

Ya jefar da gudumar. Sun koma sama. Ni ina zaune a ƙasan akwatin, a nan nake rubutun. Baba ya ce in wutar ta zama lafiya lau, ni da shi ne. Ku yi sauri don Allah.

Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma lafiya.

Bayan tafiyarka mai gyaran wuta ya ƙarasa canza wayar da ƙusar ta huda, ya sa sauran a cikin bututun roba. Kawu bai zo ba tun ranar. Ya aiko a gaishe da Mama, ban da ni.

Baba bai ƙara tayar da maganar ba har yau. Amma ɗazu zai hau ya gyara indararo, ya kafa tsani, ya sa ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Auta, je ki kashe, ki kulle. In na sauko na gaya miki."

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Auta