Ta'aziyyar Malama Ɗigo da Neman Gafara kan Ɗigo Biyun da Muka Goge

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ya ba mu aronta kuma ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Ɗalibai Mata Masu Nazarin Lissafi da Kimiyya ta makarantarmu ta samu labarin rasuwar uwar ƙungiya, mai girma Shugabar Sashen Lissafi, Hajiya Malama, wadda mu ɗalibanta muka fi sani da Malama Ɗigo, da safiyar Talatar da ta wuce, bayan jinyar da ta ɓoye mana har kusan ƙarshe. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai girma mai gidanta, da mahaifiyarta, da ƙanwarta ma'aikaciyar jinya, da 'ya'yanta biyu, da Shugabar Makaranta da ɗaukacin malamanmu. Wannan saƙo yana kuma ɗauke da neman gafara, domin akwai abin da muka yi mata tana raye wanda ba mu san nauyinsa ba sai yanzu.

Shekara goma sha ɗaya marigayiyar ta yi tana riƙe da wannan ƙungiya a ɗakin gwaje-gwaje na ƙarshen baranda, mai tagar da ba ta rufuwa. A nan ta koya mana ƙirar lissafi, wato a dubi wani abu na duniya a kwaikwayi halinsa da lambobi har a iya hasashen inda zai dosa. Da kofin shayinta take fara wa kowace sabuwar ɗaliba: a tsoma ma'aunin zafi, a duba duk minti ɗaya, a sa ɗigo a takarda mai gida-gida, har layi ya fito yana gangarowa. Daga nan ta samu sunanta. Sai ta aike mu wurin malamin Kimistiri da malamar Bayoloji mu karɓo nasu lambobin, na sinadarin da ke ƙarewa a kwalba da na maganin da ke raguwa a jini, mu zana, mu ga layin shayin nan ya sake fitowa. Ta sa mun yi lissafin yadda mura ke yaɗuwa a ɗakin kwananmu, da na yadda gulma ke yaɗuwa, ta ce a iya bincikenta gulma ta fi mura ƙafa. Ranar da ta kama ni, mai wannan rubutu, da littafin soyayya a cikin littafin aiki ba ta ƙwace ba, cewa ta yi in zano mata hawa da saukar son da ke tsakanin masoyan, babi bayan babi.

Tun farkon shekarar karatun nan, duk bayan mako biyu, Malama kan rubuta lamba ɗaya a kusurwar allo. Ta ce sakamakon gwajin jinin wata majinyaciya ce, in lambar tana sauka magani na aiki, in tana hawa ciwo na cin ƙarfinsa. Wannan muka zaɓa ya zama aikin da za mu kai gasar makarantu, ni kuma aka ba ni zanen a babban kwali saboda an ce hannuna ya fi tsabta. Lamba bakwai a jere suka sauka, layin ya kwanta gwanin sha'awa, muka ja shi gaba muka ga matar za ta warke kafin dogon hutu. Har tafi muka yi. Sai ta takwas ta hau. Ta tara ta hau fiye da ita. Muka yanke cewa kuskuren masu gwaji ne, ɗalibar da ke shugabantar ƙungiyarmu ta yi wasa ta ce wannan majinyaciyar ta cika ɓata wa mutane aiki, muka yi dariya, Malama ma ta yi. Ni da hannuna na goge ɗigo biyun daga kwalin, don ban so labarin ya ƙare haka ba.

Da ta gani, ta daɗe tsaye a gaban kwalin, sannan ta jawo kujera ta zauna, abin da ba mu saba gani ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da ni, "Layinki ya yi kyau, 'yata. Amma ba layin ne ke kwance a asibiti ba. Ki mayar wa matar nan ɗigonta." Na ce to, zan yi bayan jarrabawa. Ban yi ba. Mako uku bayan haka ta daina zuwa makaranta.

A wurin gaisuwa ne ƙanwarta ta kira mu gefe ta nuna mana takardun asibiti, muka ga lambobinmu tara a jere da sunan Malama a samansu. Ta ce yayarta ta bar wasiyya a ba mu lamba ta goma, ita ƙanwar kuma ta yarje mana, da amincewar mai gidan marigayiyar, mu faɗi wannan a fili.

A zaman da ƙungiya ta yi jiya, wasu daga cikinmu sun ga a janye aikin, wasu sun ga a kai shi da ɗigo bakwai kamar yadda yake, tunda shi alƙalan gasa za su fi so. An yi kuka, an kaɗa ƙuri'a. Ƙungiya tana sanar da jama'a cewa za ta kai aikin ranar Juma'a da ɗigo goma cif, tare da bayani a ƙasansa cewa hasashenmu bai yi daidai ba, kuma mu muka ɓoye shaidar hakan. Na mayar da biyun da na goge. Na goman ya haura saman kwalin, sai da muka liƙa wata takarda kafin ya samu wuri.

Muna roƙon iyalanta su yafe mana wasan da muka yi da dariyar da muka yi, ni kuma su yafe mini nawa na daban, tunda ita ba mu samu damar roƙonta ba. Allah ya jiƙan Malama, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya haskaka makwancinta, ya ba mai gidanta da mahaifiyarta da 'yan'uwanta juriyar wannan babban rashi, ya raya 'ya'yanta cikin albarka. Amin.

Sa hannu:
'Yar Shiru
Mai Magana da Yawun Ƙungiya