Sifilin da Na Ci a Aikin Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya Inna da ƙafarta? Mu nan lafiya lau, sai dai lissafi.

Abin da muka yi a ƙarshen sakandare, shi Auta take yi a firamare. Na yi mata aikin gida a tsanake, malamarsu ta ba ni sifili. Maƙwabcinmu direba ya ce a ƙasarsu wannan wasan yara ne. Ya gwada, shi ma sifili.

Jiya ta ce, "Baba, da gaske ka yi makaranta?" Har ni ma na fara shakka.

Don Allah ka kira ta ka ba da shaida. In ta fara karanto maka tambaya, ka kashe wayar, kada mutuncin gidanmu ya tafi gaba ɗaya.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka