Hannun Obadiah

Kura,
4 ga Disamba, 2023.

Zuwa ga Yayata Beauty,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Yaya mutanen Zonkwa? Mu nan sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban motar tumatir alhali ga waya. Ɗakinmu ɗaya ne, duk abin da na faɗa a waya yana kunnen maigidana Obadiah, shi kuwa ba ya so labarin nan ya kai gida.

Ranar Talatar da ta wuce injin casar shinkafa ya kama masa hannun dama. A gonar Malam Badamasi ne, dattijon da muke haya a gidansa, wanda ya yanka mana fili a bakin kanal ɗin ban ruwa muke ɗan noman rani. Kafin a kashe injin yatsu biyu sun tafi, tafin hannun ya dagargaje. An wanke an ɗaure a asibitin nan, amma likita ya ce sai an yi aiki a Kano, kada kuma mu wuce kwana goma. Kuɗin da ya ambata, Yaya, ko mun sayar da duk abin da ke ɗakin nan ba zai kai ba.

Washegari Malam Badamasi ya yi sallama ya ce zai fitar da shinkafarsa kasuwa ya kai shi Kano, tunda a gonarsa abin ya faru. Bai daɗe da fita ba sai ga Abednego, shugaban kwaya, ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Kin san shekara tara Obadiah ke kaɗa musu ganga. Ya ce 'yan kwaya sun zauna sun yanke shawara: duk kuɗin baikon da za a tara a zagayen waƙoƙin Kirsimeti na bana, wanda dā za a sayi sabbin kayan kiɗa da shi, na hannun Obadiah ne. Ya ce abin kunya ne a ce ɗan coci ya ji rauni, sai maƙwabta ne suka ɗauke shi.

Ni na je na yi wa Malam Badamasi godiya, na ce 'yan'uwanmu sun ɗauki nauyin. Ya ce Allah ya ba da lafiya, amma rauni ba ya jiran biki.

Ki sa mu a addu'a. Kada ki gaya wa Mama tukuna.

Taki ƙanwa,
Catherine.

Kura,
17 ga Disamba, 2023.

Yayata ƙaunatacciya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonki da garin citta da kika aiko, Allah ya saka. Ina gaida kowa da kowa.

Zagayen ya kankama. Mun je Bunkure, mun je Madobi, jiya muna Dawakin Kudu. Coci-cocin garuruwan nan ƙanana ne, wani wurin ma rumfar kwano ce da benci shida, amma mutane suna cika su har waje. Abednego ya tsara sabuwar waƙa a kan hannun da ya yi wa Ubangiji kiɗa, ni ya ba ni in ja baki, sauran su amsa. Kin san shekarata bakwai a kwayar nan ina layin baya, ba a taɓa ba ni ko baiti ɗaya ni kaɗai ba. Yaya, ashe ina da murya. A Bunkure wata tsohuwa ta taso ta rungume ni tana kuka, mata suna ta liƙa mini kuɗi a goshi. Har matan da ke turara shinkafa a unguwarmu, Musulmi, sun haɗa nasu sun aiko ta hannun Hawwa, matar Malam Badamasi.

Obadiah yana zuwa tare da mu. Ana ajiye masa farar kujerar roba a gaba, yana fuskantar jama'a. Idan na kai baitin ƙarshe sai Abednego ya kama hannun a hankali ya ɗaga sama kowa ya gani, daga nan a zaga da kwanon baiko. A Madobi wani dattijon coci ya ce a kwance bandejin, don masu shakka su gani da idonsu. Aka kwance. Obadiah ya kafa ido a kan rufin kwano har aka mayar.

Kwana goman likita sun wuce, na sani. Abin da aka tara ya isa a karɓe shi a asibiti, amma Abednego ya ce idan aka kwantar da shi yanzu kujera za ta zama wayam, mutane kuwa abin da suka gani suke ba wa. Ya ce a daure zuwa ranar Kirsimeti, da za a yi babbar sujadar haɗin gwiwa ta coci-cocin yankin nan duka, a tara na aiki da na magani gaba ɗaya. Na ga maganarsa da hankali. Obadiah ya ce duk yadda na gani.

Mai kemis yana zuwa yana wanke masa kullum. Hannun ya ɗan kumbura, kuma akwai wani wari da yake tashi idan rana ta yi. Ina fesa masa turare kafin mu shiga coci. Hawwa ta tsare ni a bakin rijiya ta ce warin nan ba na lafiya ba ne, na ce mata saura mako guda.

Ki gaida Mama, ki ce mata muna nan lafiya.

Taki,
Catherine.

Kano,
29 ga Disamba, 2023.

Yaya Beauty,

Ina gaishe ki. Ina fata kun yi Kirsimeti lafiya. Daga barandar asibiti nake rubuto miki, ki yi haƙuri da rubutun.

An yanke hannun. Daga saman gwiwar hannu aka yanke, ranar Talata da safe.

Ranar Kirsimeti ya tashi da zazzaɓi, jikinsa kamar garwashi, yatsun da suka rage sun yi baƙi. Ya ce mini ba zai iya zuwa ba. Ni na ɗora masa ruwan wanka, ni na sa masa kaya, na ce yau ce ta ƙarshe, ya daure. Cocin ya cika maƙil, ban taɓa tsayawa gaban jama'a mai yawa haka ba. Ina tsakiyar baiti na uku na ga kansa ya langaɓe, jikinsa yana zamewa daga kujera. Na gani, Yaya. Babu wanda ya kai ni kusa da shi. Amma mutane duk sun miƙe tsaye, muryata tana fita yadda ba ta taɓa fita ba, sai na ce a raina bari in kai ƙarshen baitin. Na kai. Sai da kujerar ta kife sannan aka yi kansa.

Motar kwaya ta tafi ɗauko wasu baƙi, don haka Malam Badamasi aka kira. Ya zo da a-kori-kurarsa da yake kai tumatir kasuwa, ya shimfiɗa tabarma a baya, ya kawo mu Kano. Bai tuna mini maganar da ya yi ba, ko da ido.

Likitan da ya kwance bandejin ya juya ya tambaye ni wa ya riƙe mutumin nan a gida har wata guda. Ya ce da an zo a makon farko da yatsu biyun kawai za a rasa, yanzu kuwa rai ake nema a ceta. Na buɗe baki in ce Abednego, sunan ya ƙi fita. Abednego shawara ya kawo. Ni ce na kori taimakon da ya zo har ƙofar ɗaki, ni ce na fesa turare. Na yi ta gaya wa kaina don mutuncin coci nake yi, amma tun daga Bunkure na san ba na so zagayen ya ƙare. Ban faɗa wa kowa wannan ba, ko Fasto. Ke kaɗai.

Yanzu ki gaya wa Mama. Ki ce mata injin ne.

Ƙanwarki,
Catherine.

Kura,
11 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na gode da zuwan da kika yi asibiti, da haƙurin da kika ba ni. Yaya kika sami gida?

Mun dawo mako uku ke nan. Baikon kwaya ya biya komai, ba wanda ya taɓa ko sisi. Abednego ya zo ya durƙusa a gaban Obadiah yana hawaye, Obadiah ya ce ya tashi, ba komai. Ni ma haka ya ce mini da na nemi gafararsa: ba komai. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da safe yakan tafi bakin kanal ya zauna yana kallon 'ya'yan Malam Badamasi suna ba tumatirinmu ruwa. Ya gwada riƙe fartanya da hagu, ta kuɓuce ta faɗa cikin ruwa. Wani lokaci sai ya ce yatsunsa na dama suna masa ƙaiƙayi, ya kai hannu zai sosa, ya sami iska. Ni kuwa tun Kirsimeti ban taka wurin koyon waƙa ba. A sujada ma bakina a rufe yake.

Shekaranjiya Abednego ya dawo tare da Fasto. Sun ce an gaya musu akwai inda ake sa hannun roba, wanda mutum zai iya ɗan riƙe abu da shi, amma da tsada. Kwaya tana so ta yi wani zagayen a lokacin bikin Ista, garuruwa takwas wannan karon. Suna roƙon Obadiah ya sake zama a gaba, ni kuma in ja waƙar, don mutane ni suke tambaya.

Ban san sa'ad da na miƙe na nuna musu ƙofa ba. Har sun sa takalma Obadiah ya kira su. Ya ce ba zai zauna 'ya'yan wani suna yi masa ban ruwa har ya mutu ba, idan zama a kujera ne zai kawo hannun, zai zauna. Ya ce ni ma zan yi waƙar, tunda na iya. Bai faɗa da gatse ba, na duba fuskarsa sosai.

Sannan ya juya wajen Abednego ya ce, "Abu ɗaya za ka gaya mini tun yanzu, don in shirya. Riga mai dogon hannu zan sa, ko mai gajere? Wanne mutane suka fi bayarwa?"

Abednego ya juya ya kalli Fasto. Fasto ya ce mu yi addu'a.

Ki gaida Mama da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Catherine Obadiah.