Shuɗin Furen Maimunatu

Asabar, 6 ga Janairu, 2024
Da riga ɗaya na shigo Jos. Na yi dako a Farin Gada, na koyi buga bulo da ido, ba wanda ya kama hannuna. Yau injina biyu, ga tifa, kuma gidan nan na Rikkos ni na aza kowane bulo da ke jikinsa. Ban taɓa ce wa ɗan Adam "koya mini" ba. To fure ne zai gagare ni?

Furen matata Maimunatu nake nufi. Wata bakwai ke nan da rasuwarta. Shekara tara tana renonsa a wani tsohon baho a bayan kicin, duk damina ya yi dunƙule-dunƙulen fure shuɗi shar. Ko sunansa ban taɓa tambaya ba. Yau na gina masa mazauni a ƙofar falo, na shafe ciki da waje da siminti, na cika da ƙasar da na kwaso daga wurin buga bulona. Ni Labaran, matata ba za a tuna da ita a baho mai tsatsa ba.

Laraba, 24 ga Janairu
Sanyi ya sa ya zubar da ganye. Na kankare reshe da farce, kore ne a ciki. Yana nan.

Juma'a, 12 ga Afrilu
Ruwan farko, har da ƙanƙara. Na kifa masa kwando. Ya fara toho.

Juma'a, 17 ga Mayu
Ya buɗe. Ruwan hoda! Ba shuɗi ba.
Hussaina, autata, ta tsaya ta daɗe a kansa. "Baba, wannan ba furen Mama ba ne." Na ce shi ne mana, ni na ciro shi da hannuna. Ta shige ɗaki.
Saiwa ɗaya, ganye ɗaya. Ina launin ya tafi? A ina ma yake ajiye shi tun farko?

Lahadi, 9 ga Yuni
Na zargi rana, na yi masa rumfa da buhu. Na zargi ruwan famfo, na koma na rijiya. Na sa kashin kaji. Ya ƙara girma, ya ƙara ja.

Asabar, 22 ga Yuni
Na jiƙa bular wanki na zuba masa kwana biyar a jere. Ƙasa ta yi shuɗi, siminti ya yi shuɗi, yatsuna ma. Furen ko a jikinsa. Wannan kada kowa ya ji.

Lahadi, 14 ga Yuli
Madam Josephine, matar Ejiofor mai shagon fenti da ke bayanmu, ta leƙo da ta taso daga coci. Ashe ita ta ba Maimunatu reshen tun farko. Ban kira ta ba. Ina zargin Hussaina.
Ta duƙa ta murza ƙasar, ta ga bula, ta yi dariya har da riƙe ciki.
"Oga Labaran, ka yi masa wanki ne?"

"Wannan fulawa ba ya son siminti. Maman Hussaina yana zuwa da ni bakin tsohon ramin kuza, muna ɗebo jan ƙasa. Ka ba shi gidan mai kuɗi, shi kuma ƙasan talaka yake so."
Wai haidiranjiya sunansa. Wai ƙasa ce ke ba shi launi. Na ce ai dama na fara tunanin haka.
Yaushe Maimunatu take zuwa ramin kuza? Ni ina ina?

Litinin, 15 ga Yuli
Na zagaya mazaunin nan sau uku. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ko tsaga babu. Shekara talatin ina cin abinci da siminti, yau a ce shi ne mai laifi.

Alhamis, 1 ga Agusta
Na fasa mazaunin da guduma. Kafin nan na je ramin, Madam Josephine ta nuna mini daidai inda suke ɗiba. Hanya kawai na tambaya. Buhu huɗu na ɗauko a kafaɗa. Na wanke saiwar, na dasa a ƙasa, ba bulo ko ɗaya kusa da shi. Ta ce sai wata daminar za a gani, in ya rayu.

Lahadi, 1 ga Disamba
Sanda ce kawai a tsaye. Kullum bayan asuba ina fita in duba.

Talata, 3 ga Yuni, 2025
Dunƙule uku. Biyu sun tsaya tsakanin ja da shuɗi, kamar ba su yanke shawara ba. Na ukun, na can ƙasa, shuɗi ne. Nata sak.
Na kira Hussaina. Ta ɗauki hoto za ta tura wa 'yan'uwanta, ta rubuta "Furen Mama ya dawo." Na ce ta ƙara da cewa Madam Josephine ce ta gano ciwon, tun da gaskiya ce. Amma ta sa sunana cikakke, Labaran Mustapha mai bulo. A rubuta cewa ni na gina, ni na lalata, kuma ni na fasa da hannuna.