Takin Shanun Baffanki

Bakin iyaka, Jibiya
Lahadi, ranar kasuwa, Nuwamba 1954

Zuwa ga Hajo 'yar Baffa Ummaru, ruwan farkon damina, inuwar gawo a tsakiyar rani, kindirmon safe da ba a sirka ba, farar karsana mai takun ƙasaita! Ya ke wadda in ta ɗora ƙwarya a ka ta doshi kasuwa, masu awo kan mance yawan mudun da suka zuba! Gaisuwa mai tarin yawa daga naki Maharazu na Farfaru, manomin da duniya ta ɗaga sama a watan jiya, ta kuma sake shi ya faɗo a wannan watan.

Malam mai karanta mata wannan takarda, don girman Allah ka bi ta a hankali. Kada ka tsallake inda na yi kuka, kada kuma ka yi dariya sai ta fara.

Ina rubuto miki ne daga gindin tsamiyar da ke kusa da rumfar 'yan kwastan, fuskata na kallon arewa, inda hanyar Ɗan Isa ta shige ƙasar Faransi ta ɓoye mini ke. Goggonki Nana, wadda za ta kai miki takardar nan, ta sayar da man shanunta, ta ce in na wuce la'asar ban gama ba, tafiya za ta yi ta bar ni da takardata. To, bari in faɗi abin da ke cina tun kafin ta tashi. Kaka ta ƙare. Baffa zai zaɓi gonar da shanunsa za su sauka su yi rani, kuma Goggo ta ce Lahadi mai zuwa zai yanke. Shekara uku a jere gonata ce. Bana kuwa ina tsoron kada ta zama ta wani, in yi rani guda ban sa ki a ido ba, kuma ni na jawo wa kaina da bakina.

Kin tuna ranar farko, hasken idona? Wakena bai gama bushewa ba shanunku suka faɗa ciki. Na fito da sanda, ina rantsuwa sai mun je gaban mai gari, sai an biya ni har ganye na ƙarshe. Ina isa na tarar da ke a bakin kunya, kina janye wani jan maraƙi da igiya. Kika ɗago kika ce, "Mi munka yi, mai gona?" Wayyo ni! Ina fushin ya tafi? Ina rantsuwar? Na ji bakina da kansa yana cewa ba komai, dama waken ya yi mini yawa. Ni da na yi damina ina korar akuyar maƙwabcina da hoge a kan kwanso ɗaya na wake! Kika zuba mini nono a ludayi, na sha a tsaye, shanu na cinye cefanen shekarata a bayana, ni kuwa ina godiya.

Washegari na je wurin Baffa na roƙe shi ya sauke garkensa a gonata su yi mini taki. Ya zo, badi ma ya zo, waccan ma ya zo. Na ba da damman gero, na bar kara, na bar harawa, na haƙa rijiya a gefen gona wai don shanu. Mutanen Farfaru suka ce Maharazu ya haukace da son taki. Sun yi gaskiya rabi. Kowace safiya sai in fito da hauya a kafaɗa, a watan da ba a noma, in tsaya ina duban kashin shanu kamar mai karatu, alhali ina jiran ki fito tatsa. Wane manomi ne ke zagaya gona sau biyar a rana cikin rani? Me zai tsiro a cikinta a watan da ko ciyawa ta yi barci?

Gona kuwa ba ta san soyayya ba, abin da aka ba ta take ci. Bana sai gerona ya tashi kamar an kira shi daga sama. Mai raƙumi ya shiga ciki ba a ga rawaninsa ba. Zangarniya ɗaya ta kai tsawon hannuna har da ɗori. Daga nan ne masifa ta samo hanyar gidana.

Kin san Malam Lawal, malamin gona, mai keke da farin wando, wanda bai taɓa yin kanta a tafin hannu ba. Kafin shuka ya bi gari gari yana raba buhunan wani farin abu wai takin zamani. Nawa na karɓa don kada a ce na raina hukuma. Na ɗanɗana, ba gishiri ba ne, ba kanwa ba ce, akuya ma ta shinshina ta juya. Sai na jingine shi a bayan rumbu na mance. Ran nan Malam Lawal ya biyo ta Farfaru, ya ga gerona, ya faɗo daga keke. Ya tashi ko kakkaɓe wando bai yi ba, ya ce, "Ka gani ko? Wannan shi ne zamani!" Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ya hau keke ya nufi Katsina.

Kwana bakwai sai ga mota. Baturen gona ya sauko, ya auna karan gero da igiya, ya rubuta, ya sake aunawa. Ya tsaya a kan busasshen kashin shanu har idon sawu yana yaba wa buhun da ke bayan rumbu. Aka tsayar da ni aka ɗauki hotona. Aka buga a jarida, aka karanta mana a ajin yaƙi da jahilci, wai manomin Farfaru ya rungumi zamani. Hoton ya fito baƙi ƙirin, haƙorana kaɗai ake gani, amma har daga Riko aka zo kallon haƙoran. Aka ba ni takardar yabo mai hatimi, aka ba ni garmar shanu ta ƙarfe, ni da ko ɗan maraƙi ban mallaka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shanun Baffa suka yi aiki, buhu ya sha yabo.

Ba zan ɓoye miki ba, rabin raina, abin ya yi mini daɗi. Mutumin da a da ba a ba shi tabarma a zauren mai gari, yau ana matsa masa. Na ce a bar kaza cikin gashinta, wa ƙaryar ta cuta? Na yi ta hasashen ranar da za ki ji an ce gwauron nan mai yawon gona ya shiga jarida, ko ki ɗan ƙara mini ludayi ɗaya.

Sai ga 'yan lebura da allo da tarin ƙaya. Suka kafa allon a bakin gonata, suka kewaye ta da shinge. Malam Lawal ya ce daga yau ta zama gonar gwaji, kada dabba ko ɗaya ta taka ta, don kada kashin shanu ya ɓata musu bincike. Kin ji! Kada taki ya ɓata taki! Na tsaya a bakin shingen nan ina duban inda rugarku kan zauna, inda kike shanya ƙwarya, inda turakun maruƙa suke har yanzu. Na tuna ranar tashinku a bazarar da ta wuce, kin ɗaure kaya a kan takarkari, kika juyo kika ce, "Maharazu, gonar ga ta ƙoshi. Mai ita ne ban san mi shike jira ba." Na yi dariyar wauta na ce ruwa nake jira. Ruwa! Allah wadaran bakin da ya iya cinikin kashin shanu shekara uku, ya kasa furta kalma ɗaya ga wadda yake mutuwar so.

To, ran Lahadin da ta wuce aka tara manoma a nan kasuwar Jibiya, aka ɗora ni a kan bayan mota in koya musu sirrin zamani. Bature na zaune a kujera, Malam Lawal na gyara hula. Ni kuwa na zo da buhuna a kan jaki. Na sauke shi a gaban kowa na ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, ni ma in ji. Ga buhun nan, ko ɗinkin bakinshi ban kwance ba. Shanun Baffa Ummaru sunka yi aikin ga, rani ukku suna kwana bisa gonata." Bature ya ga na gama, ya fara tafi shi kaɗai, sai da aka raɗa masa a kunne ya tsaya da hannu a buɗe. Malam Lawal ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya yi tusa a masallaci.

Kafin Laraba an cire allo, an kwashe ƙaya, an zo an ɗauke garma. Takardar yabon ce kawai suka bar mini, don an riga an rubuta sunana a ciki, ba ta da amfani ga kowa. A zauren mai gari na koma zaman ƙasa. Ban damu ba, wallahi ban damu ba. Na ce gona ta buɗe, shanu za su zo, Hajo za ta zo. Na kwana ina murna kamar an yi mini bushara.

Ashe baki shi ke yanka wuya! Na mance a kasuwa na yi magana, gaban manoman ƙasar nan kaf, kuma na ambaci sunan Baffa da babbar murya. Yau tun hantsi nake zaune a nan ina kallon abin da na shuka. Manoma na ƙetare iyaka ɗaya bayan ɗaya, daga Riko, daga Bugaje, har da maƙwabtana na Farfaru da suka ce na haukace. Kowa da jakinsa, da dammansa, da ƙullin goronsa, duk sun nufi rugarku. 'Yan duwan, wato 'yan kwastan na can gefen Faransi, sun gaji da ɗaga sanda, an ce har sun aika a tambayi kumandan, Baturen mulkinsu, ko wani waliyyi ne ya bayyana a Ɗan Isa. Mutanen da bara suke kai ƙarar Baffa in saniya ta leƙa gonarsu, yau suna kiransa babanmu. Ɗantala na Bugaje, mai gona uku da rijiya biyu, ya wuce ta gabana da raƙumi, ya ce, "Sannu da zama, mai jarida. Allah shi saka da alheri da ka hwaɗa muna." Na amsa da amin.

Da me zan yi takara da su, sanyin zuciyata? Rumbuna ɗaya ne. In Baffa ya duba yawan dami, na faɗi. In ya duba faɗin gona, na faɗi. In ya duba hankali, ai kasuwa guda ta shaida ba ni da shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na sani, ga shi kuwa ina jiƙewa. Amma na san abu ɗaya da su ba su sani ba. Baffa ba ya kafa turke sai ya tambayi mai ɗaukar nono zuwa kasuwa, ko wurin ya yi mata nisa, ko ruwan ya yi mata. Shekara uku kina cewa Farfaru ta yi, alhali akwai gonakin da suka fi tawa kusa da Jibiya. Ban taɓa tambayar dalili ba, don ina tsoron amsar. Yau ina roƙon ki sake faɗa masa haka, sau ɗaya tak.

Ban sare kara ko ɗaya ba bana. Dangar gidana ta faɗi, rufin ɗakina na yoyo, na bar su, karan na shanunku ne. Na yashe rijiya. Kuma ba zan ƙara fakewa da taki ba. Ran Alhamis kawuna zai ƙetare iyakar nan da goro, ba don gona ba. In Baffa ya ce manomi bai isa ya nemi 'yarsa ba, zan ji, in sake aikawa. In ke kika ce a'a, zan ji, in yi shiru, in ci gerona da hawaye. Amma kada ki bari a sa ni a layi ɗaya da masu jakunan nan, ya ke farin watana! Su duka abin da shanu ke bari a baya suke nema. Ni kaɗai ne, cikin duk wanda ya taka hanyar nan, nake neman wadda ke tafe a gabansu da ƙwarya a ka. Ina son ki, Hajo. Ga ta nan na faɗa, a makare, a kan takarda, ta bakin wani malami, amma na faɗa.

Goggo Nana ta miƙe tana ɗaure zani, tana harara ta. Ki gaishe da Baffa, ki gaishe da jan maraƙin nan, na ji an ce ya zama bijimi. Lahadi mai zuwa ina nan gindin tsamiyar nan tun fitowar rana, ina duban arewa, in ga ta inda garken zai karkata.

Ni ne naki, ko shanu sun sauka a gonata ko sun wuce ta, a damina da rani, har ranar da za a mayar da ni cikin ƙasar da nake nomawa,

Maharazu na Farfaru